Saurayin da Ya Koma Gida Daga Bamfiliya

A cikin Littafin Ayyukan Manzanni akwai wata aya wadda mai karatu zai iya tsallakewa bai ko lura da ita ba, wato aya ta 13 a sura ta 13. A nan Luka ya ba da labari cewa bayan Bulus da abokan tafiyarsa sun gama da tsibirin Kubrus, sun haye teku zuwa ƙasar Bamfiliya, a can kuwa wani saurayi mai suna Yohanna ya rabu da su, ya kama hanyar Urushalima. Iyakar abin da Luka ya faɗa ke nan. Bai ce an yi cacar baki ba, bai ce saurayin ya zub da hawaye ba, dalili ma bai bayar ba. Duk da haka wannan komawa gida ta raba manyan bayin Allah biyu da suka daɗe suna aiki tare, ta kuma bi saurayin kamar inuwa har fiye da shekara goma.

Gidajen masu bi da yawa sun san irin wannan komawa. Ga ɗan da ikkilisiya ta yi masa baiko na musamman ta aika shi makarantar Littafi Mai Tsarki, sai ga shi da akwatinsa tun shekara ba ta zagayo ba. Ga 'yar da take jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, aka wayi gari tana da ciki ba aure. Ga mai bishara da aka kai ƙauye da addu'a da ɗora hannu, damina ɗaya ya kulle majami'a ya tafi birni neman aikin albashi. Ga ma'ajin zumunta wanda aka zo lissafin ƙarshen shekara, takarda da akwati suka ƙi yin daidai. A ranar Lahadin da aka yi sanarwa, iyayen irin waɗannan sukan fita sujada kai a sunkuye. Tambayar da take cin zuciyarsu ɗaya ce, ko da ba su furta ba: shin yaron nan ya ƙare ke nan a aikin Ubangiji?

Saurayin nan na Bamfiliya shi ne Yohanna Markus. Ɗan gidan masu bi ne, gida kuma sananne. Mahaifiyarsa Maryamu tana da gida a Urushalima, mai faɗin da zai ɗauki taron addu'a, da ƙofar zaure, da baranya mai suna Roda. A daren da mala'ika ya fid da Bitrus daga kurkukun Hirudus, ƙofar gidan nan Bitrus ya je ya ƙwanƙwasa, domin ya san a nan zai sami 'yan'uwa. Markus ya tashi yana ganin manzanni suna shiga suna fita, yana jin labarin Yesu daga bakin waɗanda suka ci abinci tare da shi. Ban da haka, ɗan'uwan Barnaba ne na jini. Da Barnaba da Shawulu suka kawo gudummawar yunwa daga Antakiya zuwa Urushalima, da za su koma sai suka tafi da shi. Sa'ad da Ruhu Mai Tsarki ya keɓe mutanen nan biyu domin tafiyar bishara ta fari, wajen shekara ta 46 bayan haihuwar Almasihu, Markus ya bi su a matsayin mataimaki. Da a ce akwai kwamitin tantance masu bishara a lokacin, da ba wanda zai tsaya ya yi wa takardarsa kallo na biyu.

A Kubrus komai ya tafi daidai. Ƙasar Barnaba ce ta haihuwa, akwai majami'un Yahudawa, akwai dangi. Sun ratsa tsibirin daga Salamis har Bafusa, Markus ya ga an makantar da wani mai sihiri, ya ga gwamna ɗan Roma ya ba da gaskiya. Amma da suka sauka a Bamfiliya, a kudancin ƙasar Turkiyya ta yau, sai tafiya ta sake kama. Abin da yake gabansu shi ne hawan duwatsun Taurus da ƙafa, tafiyar fiye da kilomita 150 zuwa Antakiya ta Bisidiya, birnin da yake kan tudu mai tsayi kusan daidai da na Jos, ta hanyar da ta yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi. Masana sun kawo dalilai iri iri na juyawar Markus. Waɗansu sun ce tsoron hanya ne, waɗansu kewar gida. Waɗansu sun lura cewa har zuwa Kubrus Luka yana sa sunan Barnaba a gaba, daga nan kuwa sai Bulus ya zama shugaban tafiya, mai yiwuwa saurayin bai ji daɗin ganin an sha gaban ɗan'uwansa ba. Ko wanne ne a ciki, abin da ya faru bai canja ba. An dogara gare shi, ya bar dattawa biyu da kaya a bakin hanya mai wuya.

Bayan 'yan shekaru, an gama babban taron Urushalima a kan batun kaciyar al'ummai, sai Bulus ya ce da Barnaba su koma su dubo 'yan'uwa a garuruwan da suka yi wa'azi. Barnaba ya yarda, amma ya ce a tafi da Markus. Bulus ya ce faufau. Kalmar Helenanci da Luka ya yi amfani da ita a sura ta 15 aya ta 39 tana nufin zazzafar gardama, irin wadda rai yake ɓaci a cikinta. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma wannan saɓani ya kai ga rabuwa. Barnaba ya ɗauki Markus suka shiga jirgi zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila suka bi ta Suriya da Kilikiya. Daga wannan aya Luka bai ƙara ambaton Barnaba ba har ƙarshen littafinsa.

Kada a yi saurin ɗora wa Bulus laifi. Bayan Markus ya tafi, an kore su daga Antakiya ta Bisidiya, sun tsere daga Ikoniya don an shirya jifansu, a Listira kuwa an jajjefi Bulus aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Garuruwan nan ne yake shirin komawa. Wanda yake ɗauke da tabon duwatsu a jikinsa yana da iko ya tambaya ko abokin tafiyarsa zai tsaya ranar da wuta ta yi wuta. Aikin Allah ba wurin gwada sa'a ba ne, kuma shugaban da ya mai da mabuɗin akwati ga ma'ajin da ya ci kuɗi jiya, don kawai ya yi kuka a gaban dattawa, bai yi wa ma'ajin alheri ba, jarraba ya ɗora masa. Bulus ya dubi aikin, ya kuwa yi gaskiya a kan abin da ya gani.

Barnaba kuwa mutumin ya duba. Asalin sunansa Yusufu, manzanni ne suka yi masa laƙabi da Barnaba saboda halinsa na ƙarfafa zuciya. Abin mamaki a nan shi ne, sa'ad da Shawulu mai tsananta wa ikkilisiya ya tuba ya zo Urushalima, kowa yana gudunsa, wannan Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni ya tsaya masa. Shi ne kuma ya yi tattaki har Tarsus ya nemo shi ya kawo shi aiki a Antakiya. Abin da ya yi wa Bulus a dā, shi yake so ya yi wa Markus. Bulus ya ci moriyar wannan hali, amma a ranar gardamar bai ga dalilin da wani zai ci ba. Haka ɗan Adam yake, laifi tudu ne.

Akwai wani abu a cikin matakin Barnaba da ya kamata iyaye da dattawan ikkilisiya su tsaya a kansa. Bai ce Markus bai yi laifi ba. Bai kuma ja shi zuwa duwatsun da suka kā da shi ba. Kubrus ya kai shi, wato ɓangaren hanyar da saurayin ya taɓa bi ya gama lafiya, ƙasar da yake da dangi, a ƙarƙashin idon wanda yake ƙaunarsa. Ya rage masa kaya, amma bai sauke masa kaya duka ba. Ya kuma biya tsadar wannan shawara, gama ya rasa abokin aikinsa na shekaru, ya rasa matsayinsa a babbar tafiyar da ta kai bishara Turai. Mai da wanda ya fāɗi bai taɓa zama aiki mai araha ba. Wani ne yakan sa sunansa jingina.

A nan ne ikkilisiyoyi da yawa suke da rauni. An iya sa mutum a horo. An san yadda dattawa za su zauna, an san yadda za a yi sanarwa, an san bencin baya, an san watannin da za a hana shi Jibin Ubangiji. Horo kuwa na Littafi ne, ikkilisiyar da ta watsar da shi ta watsar da tsarki. Amma a cikin watannin nan, wa yake zuwa gidan wanda aka hora? Wa yake buɗe Littafi tare da shi? Sau da yawa ba kowa. Yakan zauna a baya shi kaɗai yana ƙirga Lahadi kamar ɗan fursuna, ranar da wa'adi ya cika a karanta sunansa, a ce an karɓe shi. A takarda an karɓe shi. A bakin mutane kuwa sunan laifinsa ya zama sunansa, bayan shekara goma in an zo zaɓen malamin makarantar Lahadi sai wani ya yi gyaran murya ya ce a tuna da abin da ya faru. Bulus ɗin nan da ya ƙi Markus shi ne daga baya ya rubuta wa Korantiyawa, a wasiƙa ta biyu sura ta 2, cewa horon da aka yi wa wani mai laifi ya isa, a gafarta masa a ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Umarnin mayarwa da umarnin horo daga alƙalami ɗaya suka fito.

A cikin gida ma haka ne, har ya fi ciwo. Uban da yake dattijon ikkilisiya wani lokaci abin da mutane za su ce ya fi damunsa fiye da ran 'yarsa. Sai a tura ta ƙauye wurin gwaggo da dare, ko a ɗaura mata aure da gaggawa da yaron da bai iya ciyar da kansa ba, a rufe kuskure ɗaya da wani wanda ya fi shi tsawon rai. Ɗan da ya bar makaranta kuwa kullum a kan tuwo ana tuna masa kuɗin da ya ɓata, har ya gwammace ya ci a waje, daga cin abinci a waje kuma sai kwana a waje. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Littafi bai faɗi yadda Maryamu ta karɓi ɗanta ranar da ya ƙwanƙwasa ƙofa shi kaɗai ba, amma bayan shekaru Barnaba ya same shi yana nan cikin masu bi, a shirye ya sāke fita. Gidan da ya koma bai kashe bangaskiyarsa ba.

Sai dai Barnaba ba zai iya koyon darasi a madadin Markus ba. Akan ce tuntuɓe gushin gaba ne, amma wannan ga wanda ya waiwaya ya ga dutsen da ya buge shi ne. Kuskure shi kaɗai ba ya koya wa kowa komai, shi ya sa ake samun mai shekara 60 yana fāɗuwa a ramin da ya fāɗa yana da 20. Yau akwai wata koyarwa da ta shiga gidaje, wadda take ɗora kowace fāɗuwa a kan maƙiya. Yaro bai yi karatu ba ya fāɗi jarrabawa, a ce hannun mutanen gida ne. Magidanci ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa, a ce sammu ne. Sai a yi azumi, a kwana ana tsawata wa aljanu, a koma a yi abin da aka yi jiya. Shaiɗan yana nan, yana kuwa aiki, amma wanda bai iya buɗe baki ya ce shi ne ya yi ba, ya rufe ƙofar tuba da hannunsa. Uwar da take ɓoye ɓarnar ɗanta ga mahaifinsa da ga fasto, ita ma ƙofar nan take taya shi rufewa.

Akwai alamar cewa Markus ya koyi kallon fāɗuwa ido da ido, alamar kuwa tana cikin Bisharar da take ɗauke da sunansa. Bitrus ya kira shi ɗansa a ƙarshen wasiƙarsa ta fari. Papiyas, wani shugaban ikkilisiya a Hiyarabolis a farkon ƙarni na biyu, ya shaida cewa Markus tafintan Bitrus ne, abin da ya ji daga bakinsa shi ya rubuta. To, a cikin Bisharu huɗu babu wadda ta fi ta Markus tona asirin almajirai. A cikinta sun kasa gane misalai, sun yi gardamar wane ne babba a kan hanyar da Ubangijinsu yake maganar mutuwarsa, sun yi barci a Gatsemani, da aka kama shi duka suka gudu. Musun Bitrus yana nan dalla dalla, da wutar da yake jin ɗumi, da baranyar da ta gane shi, da rantsuwa, da carar zakara, da kuka. Shugaban manzanni ya yi shekaru yana ba da labarin ranar kunyarsa a gaban jama'a, wanda ya gudu daga Bamfiliya yana fassarawa. A Bisharar Markus ce kaɗai, sura ta 16 aya ta 7, saƙon da aka ba mata a bakin kabari ya ambaci Bitrus da suna, ban da sauran almajirai. Mai rubutun ya san darajar a kira sunan wanda ya fāɗi. Iyaye da fastoci da ba su taɓa barin 'ya'yansu su ji cewa su ma sun taɓa yin tuntuɓe ba, suna hana su abin da Bitrus ya ba Markus.

Tarihin zuwan bishara ƙasar nan ma yana da irin wannan darasi. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kai bishara can cikin ƙasa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma Kanada ba tare da ya kafa ko tasha ɗaya ba. A 1900 ya sāke zuwa da waɗansu biyu, zazzaɓin cizon sauro ya kā da shi a Legas aka mai da shi gida, abokan nasa kuma suka karai suka bi bayansa. Sau biyu ke nan. Abin lura shi ne abin da ya yi tsakanin fāɗuwa da fāɗuwa. Ya koma ya ƙaro ilimin Littafi Mai Tsarki da na kiwon lafiya, ya kafa majalisar da za ta tsaya wa aikin daga gida, daga baya ma ya rubuta littafi yana gyara koyarwar masu cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Ƙungiya ta uku ta kafa tasha a Patigi a 1902, daga wannan aiki na SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Da himma kaɗai ya riƙa maimaitawa ba tare da ya gyara komai ba, da kaburbura kawai za a ƙara.

Wanda ya rage a labarin Markus shi ne Bulus, gama shi ma akwai abin da ya koya, irin koyon da ya fi yi wa manya wuya. Wajen shekara ta 60 zuwa 62, yana tsare, ya rubuta wa Kolosiyawa. A cikin masu gaisuwa sai ga sunan Markus. Bulus ya tuna musu cewa an riga an ba su umarni a kansa, in ya zo su karɓe shi. Bukatar irin wannan umarni tana nuna cewa tsohon labari bai gama mutuwa ba, sai da Bulus ya sa nasa sunan ya share masa hanya, daidai abin da Barnaba ya yi tun farko. A wasiƙar Filimon ya lasafta shi cikin abokan aikinsa. Babu inda aka rubuta cewa Bulus ya tara mutane ya ce ya yi kuskure a Antakiya. Wataƙila ma a ranar bai yi kuskure ba. Amma bai riƙe hukuncin shekara goma da suka wuce ya mai da shi hukuncin har abada ba. Dattawa da yawa sukan ga sāke ra'ayi a kan yaro kamar zubar da girma ne, sai su mutu da maganar da suka faɗa cikin fushi, yaron kuwa ya riga ya zama wani mutum dabam tuntuni.

A jerin sunayen nan na wasiƙar Filimon, kusa da Markus, akwai wani mai suna Dimas. A lokacin babu tabo a takardarsa, da an ce wa ikkilisiya ta zaɓi ɗaya tsakanin su biyu, da Dimas za ta ɗauka. 'Yan shekaru bayan haka Bulus yana kurkuku a Roma a zamanin Sarki Nero, ya san kwanakinsa sun ƙare, ya rubuta wasiƙarsa ta ƙarshe zuwa ga Timoti. A sura ta 4 ya ce Dimas ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan, ya tafi Tasalonika. Waɗansu sun tafi aiki wurare dabam dabam, Luka ne kaɗai ya rage tare da shi. A ranar da aka fara sauraron shari'arsa ba wanda ya tsaya masa. Sai tsohon ya lasafta wa Timoti abubuwan da yake bukata, ya roƙe shi ya yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin sanyi. Yana son alkyabbarsa da ya bari a Taruwasa, yana son littattafansa, musamman na fata. Yana kuma son a biya a ɗauko masa Markus, domin ya ce yana da amfani a gare shi wajen hidima. A zamanin da kusantar ɗaurarren Kirista a Roma yake iya jawo wa mutum mutuwa, da Bulus ya duba wanda ba zai gudu ba, sunan da ya rubuta shi ne na saurayin Bamfiliya.